Kunne Kafin Allura: Labarin Aikina da Masu Taɓin Hankali a Damagaram

Ni haifaffiyar Birni ce, nan cikin Damagaram, ba nisa da fadar Sarki. Mahaifina baduku ne, mahaifiyata kuma tana tuyar ƙosai mu kai talla kafin mu wuce lakwal. Aikin jinya nake yi, kuma mafi yawan shekarun aikina a ɓangaren masu taɓin hankali na yi su. Har yau in na je biki ko suna sai wata ta jawo ni gefe ta ce, "Ke kuwa ba ki tsoro? Duk faɗin asibiti ki rasa inda za ki zauna sai can?" Ba tura ni aka yi ba. Ni na nema, kuma dalilin yana cikin gidanmu.

Ƙanwar mahaifiyata, wadda muke kira Inna ƙarama, gidanmu ta zo goyon cikin fari, domin kakarmu ta riga ta rasu. Ta sauka lafiya, aka samu namiji. Kafin ranar suna barci ya ƙaurace mata. Ta dinga magana ba tsayawa, ta yi dariya ta koma kuka, can ta ce an musanya mata jariri, wannan ba nata ba ne. Tsofaffin unguwa suka ce ruwan wankan jego ta watsa da magariba ba bisimilla, ta ƙona ƴaƴan mutanen ɓoye. Aka shiga rubutu da hayaƙi da ruƙiyya. Da mahaifina ya yi tafiya Kano saro fata, aka shigo da masu bori da dare. Ranar da ta fita da gudu ta nufi duwatsu da jaririn a hannu, ranar aka karɓe yaron, aka sa mata mari a ɗakin baya.

Ni ce mai kai mata abinci, ina yarinya. Ba kullum take cikin ruɗu ba. Wani lokaci sai ta dube ni da idonta na da, ta ce, "Ɗiyata, yaron ya sha nono? Wa ke ba shi?" Ta nuna mini inda ƙarfen ya ci mata ƙafa. In na kai wa manya labari sai a ce kada in biye mata, ba ita ke magana ba. Ana shawara a kanta, ana kashe kuɗi a kanta, ana kuka saboda ita, amma ba wanda ya zauna ya tambaye ta abin da take ji. Mijin ya aiko da takarda, danginsa suka ɗauki yaron. Bayan watanni hankalinta ya komo. Ta rayu shekaru tana saƙar faifai, ba ta sake aure ba, Allah ya ji ƙanta.

Ba na zargin iyayena. Mahaifiyata har tasoshin aurenta ta sayar don neman magani, kuma marin nan tsoro ne ya sa shi, kada ƴar'uwarta ta faɗa rijiya. Sai da na shiga makarantar koyon aikin jinya na ji malami yana bayanin wannan ciwo kamar ya san Inna ƙarama: yana kama mace ɗaya ko biyu cikin kowace haihuwa 1,000, yawanci cikin makonni 2 na farko, yana soma wa da rashin barci, kuma in an kai mace asibiti da wuri, mafi yawa suna warkewa su koma ga ƴaƴansu. Na ajiye alƙalami na sunkuyar da kai, hawaye na zuba a kan littafina.

Na fara aiki a wani ƙaramin asibitin karkara wajen Mirriya, kafin in dawo gari. Majon, wato shugaban ma'aikatan jinya, da na tarar a ɓangaren da nake yanzu dattijo ne mai sanyin magana, ya riga mu gidan gaskiya. Duk wanda aka kawo a ɗaure ana cewa ya haukace, kafin ya tambayi komai sai ya ce, "Ɗiyata, auna mini zafin jikinsa." Wani lokacin bazara aka kawo wani saurayi daga hanyar Tanut a bayan mota, an ɗaure shi da igiyar shanu. Ƴan'uwansa suka ce shekaranjiya lafiyarsa lau, jiya ya fara sambatu yana fizge-fizge, lalle a daji ya yi gamo. Jikinsa zafi rau, wuyansa kuma ya sandare, ba ya lanƙwasuwa. Sanƙarau ne. Da an yi masa allurar barci an kwantar da shi a ɗakinmu, da wuya ya kai jibi. Da damina masassarar cizon sauro ce ke hawa kai ta yi irin wannan. Faɗuwar sukari a jini na yi, buguwa a kai na yi, haka ma barin giya kwatsam ga wanda ya saba. Alamar da muke kamawa ita ce ruɗun ya zo farat ɗaya, yana hawa yana sauka, ya fi tsananta da dare, mutum bai san inda yake ba. Don haka zafin jiki, tansiyo, sukari, gwajin masassara, duba wuya da kai, da tambayar abin da ya sha, su ne farkon aikina, komai ihun da ake yi a ƙofa.

Bayan jiki sai zama. A nan ne aikin yake, kuma shi ne wanda ba a cika gani ba. Ina fara wa da gaisuwa cikakkiya, kuma mara lafiyan nake fara gaisarwa kafin masu rakiya. Ina kwana, ina gajiyar hanya, yaya mutanen gida. Wasu sun yi watanni ba wanda ya gaishe su. In dattijo ne in ce Baba, in tsohuwa ce in ce Inna, in yaro ne in ce ƙanena. In ba shi ruwa. In babu haɗari a fili, in ce a kwance igiyar, in zauna inda ni da shi duka muna iya kaiwa ƙofa, in rage murya. Sau da yawa wanda maza huɗu suka danne a mota, da an sake shi an daina yi masa tsawa sai ya zauna da kansa. Ba kullum ba. Akwai wanda dole sai an riƙe shi an yi masa allura, kuma ko shi ina gaya masa abin da za a yi da dalilinsa.

Masu rakiya na saurare su tukuna, domin ba a shiga gaban babba, kuma su suka ga farkon abin. Daga nan in roƙe su su ɗan ba mu wuri. Wannan roƙon yana da nauyi in mijin mace ne ko surukinta, sai na lallaɓa: "Alhaji, akwai tambayoyi na mata, ka yi mini haƙuri kaɗan." Amarya ba za ta buɗe baki gaban uwar mijinta ba ko da wuƙa a wuyanta. In ta fito daga wajen Gure Barbarci kawai take ji, ko Bafulatana ce, ina neman wata ma'aikaciya ta yi mana tafinta. Miji in ya zama tafinta, abin da ya ga ya dace a ji shi zai faɗa, kuma wani lokaci shi ne damuwar.

Ɗalibai da ke zuwa koyon aiki wurinmu nakan zauna da su kan takardar da suka cika. Sai ka ga an rubuta cewa mara lafiya ba ta haɗa ido, ba ta san kwanan wata ba, ta kasa faɗin sunan mijinta da na ɗanta. Wanda ya karanta zai ce ƙwaƙwalwarta ta tafi. Alhali yarinya mai tarbiyya ba ta kallon babba cikin ido. Mace ba ta kiran sunan mijinta, ɗan fari kuwa ko an matsa mata sai dai ta ce "yaron nan". Kwanan watan boko bai taɓa shiga rayuwarta ba. Ni in ina son in san ko tana tare da lokaci, sai in ce, "Wace salla aka yi yanzu? Yau kwana nawa ya rage kasuwar garinku? An yi sallar layya ko tukuna?" In ina son in auna natsuwarta, in tambaye ta ko tana rikicewa a lissafin raka'a, ko tuwo na ƙonewa tana zaune a gabansa. Bafulatana tana iya cewa ba abin da ke damunta alhali ciwo na cin ta, domin nuna raki abin kunya ne a wurinsu. Buzu kuma ba za ka ce ya sauke amawali gaban surukinsa don kana son ganin fuskarsa ba.

Maganar aljanu ita ce inda ma'aikaci da iyali suka fi saɓawa. Ni Musulma ce, Alƙur'ani ya ambace su, ban taɓa cewa wani babu su ba. Don mutum ya ce aljani ya taɓa shi ko an yi masa sammu, wannan kaɗai ba alamar ciwo ba ce a garin da kowa ya yarda da haka. Abin da nake bi shi ne, shin ƴan'uwansa da suka yarda da irin abin da ya yarda da shi, su ma sun ga nasa ya wuce gona da iri? Ya bar gona? Ya daina wanka? Yana ƙin cin abincin mahaifiyarsa don ya ce ta sa masa guba? Sai in tambaye shi a hankali, "Ƙanena, akwai masu yi maka magana da kai kaɗai kake ji? Me suke cewa? Suna sa ka yin wani abu?" Ba na ce masa ƙarya ne, ba na kuma ce masa ni ma na ji. Nakan ce, "Ni ban ji su ba, amma na ga suna wahalar da kai, sun hana ka barci. Mu fara da barcin."

Waɗanda suka fi tsaya mini a rai ba masu ihu ba ne. Masu shiru ne, da suke yawo daga wannan likita zuwa wancan da ciwon kai, da zafi a tsakiyar ka, da wani abu da ke yawo cikin jiki, ana ba su farasitamol da ƙarin ruwa. Wata mata ta zo daga wajen Kance da irin wannan kuka, karnenta na asibiti cike da sunayen magunguna. Kowa a ƙasar nan ya san abin da hanyar Aljeriya ta yi wa matan wannan yanki, tun ma kafin watan Oktoba na 2013 da aka tsinci gawarwakin mutum 92 a hamada, mafi yawansu mata da yara. Ita ma ta bi hanyar, daga baya aka maido su. Na duba ta, na tambayi ci da barci. Ta ce tun kafin kiran assalatu take farkawa, idonta biyu har gari ya waye. Na ce, "Yaya, in kin farka, ina zuciyarki ke zuwa?" Ta yi shiru. Na yi shiru ni ma. Shirun nan yana da wuya, baki na ƙaiƙayi ka cike shi da nasiha. Da ta ɗago, sai ta ce ta tafi da yara biyu, da ɗaya ta dawo. Tun ranar kowa haƙuri yake ba ta, kuma da an ce haƙuri sai ta gane an rufe maganar ke nan. Ta yarda da ƙaddara, ba ta taɓa jayayya da hukuncin Ubangiji ba. Abin da ba ta samu ba shi ne wanda zai bar ta ta faɗi yadda yarinyar ta cika a hannunta. Na bar ta ta faɗa, tun daga farko.

Akwai tambayar da ma'aikata da yawa ke gudu, ta kashe kai. Haramun ne, abin kunya ne ga zuri'a, don haka mai tunanin yakan binne shi. Tambaya ba ta dasa wa mutum wannan tunani, sau da yawa ma sauƙi take kawo masa. Mataki-mataki nake bi. "Kin taɓa jin kin gaji da duniya?" In ta ce e, "Kin taɓa roƙon Allah ya ɗauki ranki ki huta?" Sannan, "Zuciya ta taɓa raya miki ki yi da hannunki? Da me?" A karkara amsar takan zama rijiya ko maganin ƙwari na gona. Matar nan ta Kance ta kai har tambaya ta uku. Da izininta na kira ƙanwarta, muka yi magana mu uku, aka kawar da abin da ya kamata a kawar daga ɗakinta. Likita ya rubuta mata amitiriftilin, maganin ciwon damuwa, ni kuma na damƙa wa ƙanwar ta riƙa ba ta kowane dare, domin maganin nan in an sha da yawa a lokaci guda yana taɓa zuciya. Na gaya musu baki zai bushe, jiki zai yi nauyi da safe, kuma sauƙin gaske sai bayan mako 2 zuwa 4. In ba ka faɗi wannan ba, kwana uku za a ce magani bai karɓe ta ba a watsar.

Kusan duk wanda ya iso gare mu ya riga ya biya ta wurin malam ko boka, kuma in ya bar mu can zai koma. Wanda ya ce wa iyali su zaɓa tsakanin asibiti da malam, ya sani malam za su zaɓa. Ni cewa nake a ci gaba da addu'a, a haɗa da magani, in tuna musu hadisin da ke cewa Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Amma akwai inda ba na sassautawa: duka da sunan fitar da aljani, mari da sarƙa, hana abinci, turara barkono a rufaffen ɗaki, da cewa a ajiye ƙwayoyin asibiti. Na taɓa zuwa har zauren wani malami da ke riƙe da wani yaro a mari. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Allah gafarta Malam, ba gardama ta kawo ni ba. Ƙafar yaron nan ta fara ruɓa, kuma in an ba shi abin da zai sa shi barci, karatun ma zai fi shiga." Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya sa aka kira maƙeri. Daga baya shi da kansa yake aiko mana mutane, ya ce a je a gwada jini tukuna.

Shi ne ma ya maido mana wata yarinya da aka fara ba halofiridol, maganin taɓin hankali. Kwana kaɗan da farawa wuyanta ya murɗe, idanu suka kafe sama, harshe ya fito. Iyayen suka ce maganin ya fusata aljanin, suka ruga wurinsa. Ya dube ta ya ce su koma inda aka ba su ƙwayar. Illar maganin ce, sananniya, ta fi kama matasa a kwanakin farko, kuma akwai abin da ke warware ta cikin ɗan lokaci. Shi ya sa ba na barin kowa ya fita da halofiridol ko ɗan'uwansa Largactil sai na kwatanta masa da jikina yadda sandarewa da rawar hannu da dalalar miyau suke, na ce in sun ga haka su zo ko tsakar dare ne. Artane da ake bayarwa don wannan kuwa ƙidaya shi muke yi, domin samari na nemansa don maye.

Samarin nan su ne suka cika mana layi a shekarun baya-bayan nan. Tramol ya shiga ƴan kabu-kabu, da masu aikin ƙarfi, da ƴan zaman fada, wato majalisar samari, har da masu noma. In an sha da yawa yana jefa mutum ƙasa yana shure-shure kamar mai farfaɗiya. Gaban mahaifi ba wanda zai amsa. In mun keɓe ba na cewa "kana sha?", domin amsar a'a ce. Cewa nake, "Ƙanena, aikin nan naka da wahala. Guda nawa ke kai ka yamma?" Sai ya faɗa. Farfaɗiyar gaske ma wurinmu ake kawo ta, sau da yawa da tabon wuta a jiki, saboda mutum ya faɗi kusa da murhu kowa ya gudu don tsoron miyansa. Ba a ɗaukarta ta miyau ko ta taɓawa. A kwantar da shi ta gefe, a janye abin da zai ji masa ciwo, kada a cusa masa cokali a baki, kuma maganinta kullum ake sha ba fashi.

Azumi na zuwa sai tambayoyi su yi yawa. Mara lafiya yana da rangwame a addini, amma mutum ba ya son a gan shi yana ci, musamman wanda dama ana yi masa kallon ba cikakke ba. Inda zai yiwu, muna zama da likita a maida shan maganin bayan buɗa-baki da lokacin sahur. Inda ba zai yiwu ba, in gaya masa gaskiya, in ce ya tambayi limaminsu.

Likitocin ƙwaƙwalwa a Nijar ƙalilan ne, mafi yawansu kuma suna Yamai, kusan kilomita 900 daga nan. Nauyin yana kan ma'aikatan jinya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shirin mhGAP a 2008, da littafin jagora a 2010, don wanda ba ƙwararre ba ya iya gane waɗannan cututtuka ya fara kula da su a ƙaramin asibiti. Na ga amfaninsa, domin ma'aikacin da ke ƙauye ya san gidan kowa, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma sani ba ya isa in babu magani a kusa. Iyali ke saye, ga kuɗin mota daga Magarya ko Tanut, na mara lafiya da na mai rakiya. Mutum ya samu sauƙi, ya koma gona, a ce ya warke, a daina zuwa, bayan wata uku a maido shi a ɗaure. Masu allurar wata-wata ina ƙoƙarin sa musu ranar Alhamis, don su haɗa da cin kasuwa, motocin ƙauye ma sun fi samuwa.

Ina da littafi da nake rubuta lambar wayar wani ɗan'uwa ga kowane mara lafiya, da ta ma'aikacin asibitin da ya fi kusa da garinsu. Wanda ranarsa ta wuce bai zo ba, in kira. Da damina shafukan sun fi cika da waɗanda ba su zo ba, kuɗi ya tafi ga iri da taki, hanyoyi kuma sun yanke. Yanzu haka akwai wani saurayi mai jin muryoyi da ya yi shekara cur lafiya, har ya koma ɗinki, sai allura biyu suka wuce shi. Na samu yayansa a waya, ya ce barcin ya fara raguwa, amma ba su da na mota sai an cire wake. Na kira ma'aikacin garin da ke kusa da su, ya yarda zai yi masa allurar in ta isa hannunsa. Wani direba da ke bin hanyar zai tafi da ita ranar Alhamis.